Yatsun Kyaftin

Shekara ashirin da shida Kyaftin ta yi tana cirar ciyawa a babbar gonar albasa da ke bayan tashar famfo. Ba ta taɓa sa kaki ba. Matan da suke aiki tare ne suka laƙa mata sunan, don kullum ita ce a gaban layi, kuma in ta miƙe ta dafa ƙugu, to an tashi ke nan. Su arba'in da 'yan kai ne a da. Ranar da aka sauke injinan cirar ciyawa guda shida daga bayan tirela, Manaja ya tara su a rumfar awo, ya yi musu doguwar godiya, ya ce za a riƙa nemansu lokacin dashe. Dashe kuwa mako uku ne a shekara.

Injinan ba su da wani girma. Kowanne kamar gadon mutum ɗaya ne a kan taya huɗu, da farantin hasken rana a bayansa, da kyamara a ƙarƙashin cikinsa tana kallon ƙasa. Ba direba, ba hayaƙi. Sai su hau kunya su bi ta a hankali, in sun ga ciyawa su harbe ta da wani siririn haske mai zafi, ka ji ƙyas, ta kwanta. Aminiyar Kyaftin, wadda ake kira Ta-baya don kullum ita ce ta ƙarshen gama layi, ita ta raɗa musu suna 'yan matan Manaja.

"Ba sa haihuwa, ba sa zuwa dubiya, ba sa gulma," in ji ta. "Ina mu ina su?"

Sai dai 'yan matan Manaja sun zo da jahilci ɗaya. Ciyawar wani wuri daban aka koya musu, ba su san aya-aya ba. Ita kuwa aya-aya in tana ƙarama sak jaririyar albasa take, siririya, koriya, a tsaye kamar allura. Dole a samu wanda zai koya musu bambancin.

Injiniya ne ya kawo sunanta. Ɗan wanta ne, ita ta goya shi bayan rasuwar uwarsa, yanzu ga shi da gemu da 'ya'ya biyu, shi ke kula da injinan. Ya same ta a tsakar gida tana shanya, ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce, "Gwaggo, aikin zama ne. Ɗaki mai sanyi, kujera mai laushi. Hoto kawai za ki riƙa gani. In albasa ce ki danna kore, in ciyawa ce ki danna ja."

"Sauran matan fa?"

"Mutum ɗaya ake so. A tsari dai biyu ne, ɗaya ta danna ɗaya ta duba, amma Manaja ya ce in ke ce, ɗaya ta isa."

Ta amsa. Abin da ba ta faɗa masa ba shi ne, shekara biyu ke nan wata farar yana tana taso mata a ido. Ta fara da na hagu, yanzu ta kama na dama. Gona ba ta taɓa tona mata asiri ba, don ita dama ba da ido take aiki ba. Ganyen albasa zagaye yake, da rami a cikinsa, in ka matsa sai ya lotsa. Aya-aya kuwa in ka murza gindinta za ka ji kaifi uku. Yatsunta sun san wannan tun kafin idonta ya fara gajiya.

Maigida kaɗai ya sani. Tsohon mai gyaran famfo ne da ciwon gwiwa ya zaunar, shi ke zura mata zare a allura, shi ke karanta mata lambar waya.

"Ki faɗa wa yaron nan gaskiya," ya ce bayan Injiniya ya fita.

"In faɗa masa ya ɗauko wata? Sai mu zauna mu biyu muna kallon juna, ni ma ba gani nake ba?"

"Ai ke ce da riba, kin huta da ganin fuskar nan tawa."

Ta yi dariya, amma dariyar ba ta wuce maƙogwaro ba.

Ɗakin aikin kwantena ce da aka yi wa farin fenti a gefen ofis. Ba taga. Na'urar sanyaya ɗaki na ta huci, ko'ina warin sabuwar roba. Tebur ɗaya, allon kwamfuta ɗaya, da maɓalli biyu masu faɗin murfin kwalba. Hotunan farko ba su ba ta wahala ba, manyan tsirrai ne, ko daga ƙofa za ta gane su. A mako na biyu aka fara kawo ƙanana, masu kwana takwas, masu kwana goma. Sai ta tsinci kanta tana kai yatsa ga allon tana son ta murza. Gilashi ne kawai, mai sanyi.

Da safe tana ɗan gani. In rana ta yi tsaka idon ya gaji, sai komai ya koma wani koren hazo da zare-zare a ciki. Ta matso da kujera har hancinta na neman taɓa allon. Ta rufe na hagu. Ta wanke fuska ta dawo. Hoton na nan yana jiranta, kuma ba ya wucewa sai an danna.

"Ɗana," ta ce wa Injiniya wata rana da ya leƙo, "babu na uku ne? Na wanda mutum bai tabbata ba?"

Ya yi dariya. "Ke, Gwaggo? Ai ke ce malamar. In ke ba ki tabbata ba, wa ya tabbata?"

A gona in ta yi shakka takan bar tsiro, ta dawo masa gobe. Nan ba gobe. Sai ta riƙa danna abin da zuciyarta ta ba ta, ja, kore, ja, ja, tana cewa a ranta ai wani zai duba a can inda hotunan ke tafiya. Haka ta yi mako shida.

Ranar wata Juma'a Injiniya ya shigo da fara'arsa ya ce an gama, an ɗora wa injinan karatunta. Shukar ɓangaren gabas ta kwana goma da fitowa, Litinin za su shiga.

Litinin da hantsi ta biyo hanyar da ta ratsa gefen gonar. A da war haka da ka ji hayaniyar mata tun daga tashar famfo. Yanzu shiru, ko tsuntsu babu. Can ta hango duhu-duhu shida a jere suna tafiya, ba wanda ya gota wani. Ta tsaya ta saurara.

Ƙyas. Ƙyas-ƙyas. Ƙyas-ƙyas-ƙyas.

Ya yi yawa. Ta san ɓangaren gabas kamar tsakar ɗakinta, ƙasar wajen ba ta da ciyawar da za ta ci wannan harbin. Ƙarar kamar farkon ruwa a kan kwano take, tana ƙaruwa. Sannan iska ta juyo ta gefenta. Ba ƙaurin ciyawa ta ji ba. Ƙamshin albasa ne a wuta, kamar ana suya a babban ɗakin girki, ga shi kuwa ba tukunya ko ɗaya a duk faɗin filin.

Ta yar da jakarta ta tsallaka kwalbati. Ta durƙusa a bayan inji na farko ta shafa kunyar da ya wuce. Yatsunta suka tarar da 'yan ganye a kwance, masu laushi, da ɗumi har yanzu. Zagayayyu ne. Ta laluba ta kama wanda aka bari a tsaye, ta murza. Kaifi uku. Ta rarrafa gaba, ta shafa, ta shafa. Ba duka yake kashewa ba, amma cikin albasa uku sai ya kwantar da ɗaya, wani wurin biyu, kuma ya wuce aya-aya kamar ya gaishe ta.

Ta sha gabansa ta tsaya ta ware hannuwa. Ya tsaya cak. Wata fitila ta kama ƙyaftawa a goshinsa, wata muryar mace mai sanyi ta fito daga cikinsa ta ce, "Don Allah a ba da hanya." Sauran biyar ba su ko rage tafiya ba. Ta ruga gaban na biyu, shi ma ya tsaya ya roƙe ta ta ba da hanya, sai ta ji na farko ya ci gaba a bayanta, ƙyas, ƙyas. Ta yi ta kai-komo a tsakaninsu, zani na harɗe ta, har numfashinta ya ƙare. Sannan ta tuna da waya. Maigida ya saita mata ita yadda in ta danne ɗaya za ta kira Injiniya.

"Ɗana, kashe su! Albasar suke ci!"

"Gwaggo, ga allo a gabana, komai kore ne. Aiki na tafiya daidai."

"Bar allon nan ka fito da hancinka!"

Ya zo a babur. Tun kafin ya kashe shi ya ji abin da ta ji. Ya ciro ƙaramar kwamfutarsa ta hannu ya danna, injinan shida suka tsaya lokaci ɗaya, kamar an ɗauke musu rai. Shirun da ya biyo baya ya fi ƙarar muni. Ya tsuguna ya tsinci ƙonannen ganye ya sansana, ya daɗe bai miƙe ba.

"Gwaggo," ya ce, muryarsa ta canza, "ba namu ne kaɗai ba. Abin da ɗaya ya koya, duka sun koya. Tun ran Asabar kamfanin da ya ƙera su ya tura karatun nan ga sauran gonaki."

"Gonaki nawa?"

"Ban sani ba. Goma ne, ashirin ne, ban sani ba."

Ya kira kamfanin, ya sa wayar a amsa-kuwwa. Wata murya ta gode masa da kira, ta ce ya jira, sai kiɗa ya fara. Suka tsaya a tsakiyar gona, rana na hawa, wani kiɗa mai taushi na fita daga tafin hannunsa, kowannensu ya san cewa a wasu wurare da ba su taɓa gani ba ana can ana ƙyas-ƙyas. Minti ashirin da biyar kafin mutum ya ɗauka.

Cikin jiran ne ta faɗa masa. Ta ce tun bara ba ta ga fuskarsa sosai ba, da tafiyarsa take gane shi.

"Haba Gwaggo! Me ya hana ki faɗa mini?"

"Kai me ya hana ka duba?"

Ya share zufa da hannun riga. "Na sa hannu a takarda cewa na duba. Ban duba ko ɗaya ba. Wa zai zauna yana duba aikinki?"

Manaja bai yi faɗa ba. Da ya yi da ta fi samun sauƙi. Ya zo ya zaga, hannuwa a baya, ya ce mata ta je gida ta huta, za a neme ta. Kashegari aka aika wa matan nan duka su zo a cike gurbin da injina suka ƙona da dashe. Suka cika hanya da surutu da robobin ruwa, kamar an dawo da shekarun baya. Da yamma Ta-baya ta faɗo gidan ko sallama ba ta ƙarasa ba, ta rungume ta.

"Kyaftin! Ashe abin da kika shiga ɗakin nan yi ke nan? Kin koya wa 'yan matan Manaja ɓarna! Allah ya biya ki!"

"Wallahi ba da gangan ba ne. Idona ne."

"Eh mana, idonki ne," in ji Ta-baya, tana dukan cinyarta tana dariya. "Mu ma haka za mu ce in an tambaye mu."

Kafin kwana biyu labarin ya zaga ko'ina, har yara na nuna gidan.

A rana ta huɗu aka aiko mata da mota. A kwantena ta tarar da Manaja a tsaye, Injiniya a kusurwa, da wata baƙuwa daga kamfanin injinan a zaune a kujerarta. Kyaftin ba ta ga fuskarta da kyau ba, sai farin takalmi da ƙamshin turare marar ƙarfi. Baƙuwar ta miƙe ta ba ta kujerar, ta buɗe mata ruwan gora da kanta.

"Mama, sannu da zuwa. An ce ke kika fara ganewa. Ta yaya, tunda ba kya gani sosai?"

Kyaftin ta faɗa mata. Baƙuwar ta sa aka kawo faranti cike da 'yan tsirrai a gauraye, ta ce ta ware su. Kyaftin ta ɗaga kai sama ta bar yatsunta suka yi aikinsu, albasa dama, aya-aya hagu. Ta ji baƙuwar ta matso da waya kusa da hannunta tana ɗauka.

"Hamsin cikin hamsin," in ji baƙuwar a hankali, kamar mai magana da kanta.

Ta ɗora wani ƙaramin akwati a tebur ta buɗe. Safar hannu ce baƙa, marar nauyi, da wasu siraran wayoyi a bayan kowane yatsa.

"Injinanmu suna da ido, Mama, amma ba su da hannu. Shi ya sa har yau ba su iya dashe ba, sai su karya tsiro ko su binne shi. In kika sa wannan kika yi dashenki yadda kika saba, za ta ji duk abin da yatsunki suke ji. Mako uku kawai. Mu kuma za mu kai ki a cire miki yanar idon nan, duka biyun. Maganar ɓarna kuma a rufe ta, da taki da ta ɗanki."

"In ban sa ba fa?"

"Ni dai ba zan so haka ba," in ji baƙuwar, muryarta ba ta tashi ba. "Sai maganar ta koma hannun lauyoyi, can kuma ba ni da ta cewa. Gonaki goma sha huɗu ne, Mama. Ga sa hannun ɗanki a takarda. Ga shi kuma ana ta faɗi a gari cewa da gangan ne."

Kyaftin ta juya wajen kusurwa. Ba ta ga idon Injiniya ba, amma ta ga kansa a sunkuye.

A gida Maigida ya saurara har ta gama, yana murza gwiwa.

"Dashen ma za su karɓe ke nan," ya ce.

"Dashen ma."

"Ki ce musu a'a, mu ga abin da za su yi."

"Yaron fa? Da 'ya'yansa biyu?"

Ranar bai samu abin wasan da zai faɗa ba.

Ta sa safar. Ta shiga gaban layi kamar da, mata suka yi mata shewa. A wuyan safar akwai 'yar fitila koriya, sai ta ja hannun riga ta rufe ta. Da Ta-baya ta tambaya, ta ce ta ciwon gaɓɓai ce, likita ya ba ta.

"Likitan nan ɗan gayu ne," in ji Ta-baya. "Ki ce ya ba ni ta baya, ni nan ne nawa ciwon."

Mako uku suna dashe, suna hira, suna lissafa wa za ta aurar, wa ta samu jika. Duk ramin da Kyaftin ta huda, duk tsiron da ta dasa, tana jin safar na ɗan matse mata yatsu kamar wani ya riƙe hannunta yana bi. Kullum da yamma Injiniya yakan zo ya karɓi safar a bayan rumfar awo, ya sa a akwati, ba ya haɗa ido da Kyaftin. Ranar ƙarshe matan suka yi mata rakiya har ƙofar gida suna cewa sai baɗi.

Kamfanin ya cika alkawari. Aka yi mata aikin ido, na hagu sannan na dama. Ta ga furfurar Maigida da ba ta san ta kai haka ba, ta ga tsagar da ke bangon ɗakinta. Aka bar ta a gonar da sunan mai ba da shawara, tana zuwa ta zauna a kwantena, wata ranar ba wanda zai ce mata komai har a tashi.

Da lokacin dashe ya zagayo, tirela ta riga matan isowa. Injina huɗu aka sauke, dogaye, kowanne da siraran hannuwa takwas a ƙarƙashinsa, kowane hannu da yatsun roba uku. Matan sun ji an fara dashe ba a aiko musu ba, sai suka zo da kansu da hantsi, suka tarar da ƙofa a rufe. Suka jeru a jikin wayar shinge suna kallo. Kyaftin na daga ciki, taku kaɗan tsakaninta da su.

Hannun farko ya sauko ya ɗauki tsiro a tsakanin yatsu biyu, ya huda ƙasa da na uku, ya zaunar da shi. Ya danna gefen dama sau biyu, ya danna hagu sau ɗaya, sannan ya karkaɗe yatsu kafin ya ɗauki na gaba. Ba wata ƙasa da ta manne a robar, amma sai da ya karkaɗe. Hannuwa talatin da biyu, duka haka suke yi.

Ta-baya ta daɗe tana kallo, yatsunta a sarƙe da waya.

"Kyaftin," ta ce, "wannan ai dashenki ne."

Sannan ta juyo ta dubi hannun Kyaftin.

"Ciwon gaɓɓan ya yi sauƙi?"

"Ta-baya, ki tsaya in faɗa miki yadda aka yi."

"Idon fa, ya warke?"

"Ya warke."

"To madalla. Allah ya ƙara lafiya."

Ba wadda ta zage ta. Suka ɗauki robobin ruwansu suka juya, biyu-biyu, uku-uku. Tana ganinsu tar har suka sha kwanar tashar famfo.

Injiniya ya zo ya tsaya a gefenta, ya yi gyaran murya. Ya ce baƙuwar nan ta kira, za ta zo ran Alhamis da wani akwati, ya fi na da girma.

"Na mene ne kuma?"

"Ba ta faɗa ba, Gwaggo. Ta dai ce ki zo da takalmin da kike shiga gona da shi."

An gama da hannu ke nan, yanzu ƙafa ake so. Da ta koma gida ta jawo takalmin daga ƙarƙashin gado, ta zauna a bakin ƙofa da tsohuwar wuƙa tana kankare busasshen taɓon da ke ƙasansa. Maigida na zaune a kan tabarma yana kallonta.